Tarin Zane-zanen Frick

Tarin Zane-zanen Frick gidan adana kayan fasaha ne da ke kan titin Fifth Avenue a birnin New York na ƙasar Amurka. Asalinsa gidan zama ne na attajiri Henry Clay Frick, wanda aka haifa a 1849 ya rasu a 1919, kuma ya tara tsofaffin zane-zanen Turai ya rataye su a ɗakunan da yake zama da iyalinsa. An buɗe gidan ga jama'a a watan Disamba na 1935. Abin da ya bambanta shi da manyan gidajen tarihi shi ne har yau yawancin zane-zanen suna rataye kamar a gidan mutum, tsakanin kujeru da agogo da darduma, ba a jere bisa ƙasa ko shekara ba.

Mai gidan da dukiyarsa

Frick ɗan jihar Pennsylvania ne. Ya yi arziki ta gasa kwal da ake amfani da shi wajen narka ƙarfe, daga baya ya zama shugaban kamfanin ƙarafa na Andrew Carnegie. Sunansa yana da tabo a tarihin ƙwadago. A 1892, lokacin yajin aikin masana'antar Homestead, ya ɗauko 'yan gadi masu bindiga na kamfanin Pinkerton kimanin 300, aka yi artabu da ma'aikata, aka rasa rayuka. A watan Yuli na shekarar wani matashi mai suna Alexander Berkman ya shiga ofishinsa ya harbe shi ya kuma soke shi, amma ya rayu. Duk wanda ya tsaya gaban kyawawan zanen da ke gidan ya kamata ya san cewa da gumin waɗannan ma'aikata aka saye su.

Da farko zanen zamaninsa yake saye, musamman na ƙauyuka da gonakin Faransa, yana kai su gidansa na Pittsburgh. Bayan ya koma New York a 1905 sai ya mai da hankali kan ayyukan tsofaffin gwanaye. Ya kuma zo a kan gaɓa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kuɗin shigar manyan iyalan Ingila daga gonaki ya ragu, dokar 1882 ta ba su damar sayar da kayan gado, harajin gado na 1894 ya ƙara matsa su. A Amurka kuma dokar kwastan ta 1909 ta cire haraji kan shigo da zanen da ya wuce shekara 20. Dillalai irin su Joseph Duveen da kamfanin Knoedler suka tsaya tsakani, suna kwaso zane daga bangon gidajen Turai suna kaiwa attajiran Amurka.

Yadda aka tsara ɗakunan

Masanin gine-gine Thomas Hastings ne ya tsara gidan, aka gina shi tsakanin 1913 da 1914. Tun a takarda an yi lissafin inda zane zai zauna. Akwai dogon zaure a ɓangaren yamma, bangonsa lulluɓe da koren karammiski, haske yana saukowa ta gilashin rufi, don hasken sama ba ya ƙyalli a fuskar fenti kamar na taga. A nan ne hoton da Rembrandt ya zana na kansa a 1658 yake, yana zaune riƙe da sanda, a daidai shekarun da bashi ya durƙusar da shi. An ruwaito cewa Frick yakan sauko wannan zaure da dare shi kaɗai, ya zauna a wannan kujera ya koma waccan yana kallo.

Inda gwanintar tsarin ta fi fitowa shi ne babban falon tsakiya. A gefen hagu na murhun jin ɗumi akwai hoton Thomas More da Hans Holbein ya zana a 1527, a dama kuma hoton Thomas Cromwell na mai zanen ɗaya. Dukansu mashawartan Sarki Henry na 8 na Ingila ne. Cromwell yana cikin waɗanda suka ja More zuwa hukuncin kisa a 1535, shi ma aka fille masa kai a 1540. Ba a zana hotunan don su haɗu ba, Frick ne ya saye su daban-daban ya sa su fuskanci juna, ya ɗora hoton Waliyyi Jerome na El Greco a samansu. A bangon da ke kallon murhun akwai zanen Giovanni Bellini na Waliyyi Francis a jeji, wanda aka yi wajajen 1480, Frick ya saye shi a 1915, da hotuna biyu na Titian a gefensa. Holbein ɗan Jamus, da El Greco ɗan Girka mazaunin Sifaniya, da Bellini da Titian 'yan birnin Benis na Italiya, duk a ɗaki guda. Gidan tarihi na yau da kullum zai raba su zaure-zaure, amma a nan kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa armashi.

Wani lokaci ma ɗakin ne ake sakewa saboda zanen. A 1915 Frick ya sayi jerin manyan zanen soyayya na Jean-Honoré Fragonard ta hannun Duveen daga tarin marigayi J. P. Morgan, kan dala miliyan 1.25. An fara yin su ne a 1771 don Madame du Barry, ƙwarƙwarar Sarki Louis na 15 na Faransa, ta kuwa ƙi karɓa. Gidan bai daɗe da kammaluwa ba, amma aka sake fasalin ɗakin baƙi gaba ɗaya don bangon ya dace da girmansu.

Zaɓinsa na mai zama da zanen kullum ne. Hotunan mutane da na filaye da teku ne suka fi yawa, hotunan tsiraici da zubar da jini kuwa ƙalilan ne. Ɗakin cin abinci cike yake da hotunan manyan mutanen Ingila na ƙarni na 18. Ya mallaki zanen Johannes Vermeer guda uku, alhali ayyukan wannan gwani na Holan da aka sani a duniya ba su kai 40 ba. Na ukun, na uwargida da 'yar aikinta da ke miƙa mata wasiƙa, shi ne zane na ƙarshe da ya saya, a shekarar rasuwarsa.

Bayan rasuwarsa

Wasiyyarsa ta bar gidan da kayan cikinsa ga jama'a, tare da dala miliyan 15 don kula da su, bisa sharaɗin matarsa Adelaide ta zauna a ciki iya rayuwarta. Ta rasu a 1931, sannan masanin gine-gine John Russell Pope ya faɗaɗa ginin ya ƙara lambu mai rufin gilashi a tsakiya. 'Yarsa Helen ta kafa ɗakin karatu na binciken fasaha a 1920. Da yake an rage igiyoyin tsaro da akwatunan gilashi don gidan ya ci gaba da kama da gida, ba a barin yaran da ba su kai shekara 10 ba su shiga.

Daga 2021 zuwa 2024, lokacin gyaran ginin, an kwashe zane-zanen zuwa wani ginin siminti na zamani a titin Madison, aka jera su bisa ƙasa da zamani a bango marar ado. A can aka keɓe wa zanen Bellini ɗaki shi kaɗai kusa da taga. An sake buɗe gidan a Afrilun 2025, zane-zanen suka koma mazauninsu, aka kuma bar baƙi su hau bene a karo na farko su ga ɗakunan da iyalin suke kwana.