Sauƙaƙa Cinikin Ƙasa da Ƙasa da Matakan Kare Lafiyar Abinci, Dabbobi da Tsirrai

Matakan kare lafiyar abinci, dabbobi da tsirrai su ne dokoki da binciken da ƙasa ke yi wa kayan da ake shigowa da su, don kada cuta ko ƙwaro ko guba su biyo kaya su shigo. A harkar cinikin duniya ana taƙaita sunansu da SPS. Sauƙaƙa ciniki kuwa shi ne rage takardu da jira da kuɗin da ake kashewa kafin kaya su tsallake iyaka. A ido kamar biyun ba sa ga maciji da juna, amma galibin wahalar da 'yan kasuwa ke sha ba daga sharaɗin lafiyar take fitowa ba, daga yadda ake aiwatar da shi ne.

Asali

Tsoron da ya haifar da waɗannan matakai yana da tushe. A shekarar 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Burazil suka ya da zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, sai cutar bushiya, wato annobar shanu, ta ɓarke a Beljiyam. Wannan ne ya sa ƙasashe 28 suka kafa hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya a Faris a 1924, wadda yau ake kira WOAH. Yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, IPPC, ta biyo baya a 1951, sannan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da hukumar lafiya ta duniya, WHO, suka kafa hukumar Codex a 1963 domin ƙa'idojin abinci.

Da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a ranar 1 ga Janairun 1995, yarjejeniyar SPS ta fara aiki tare da ita, ta kuma ɗauki ƙa'idojin WOAH da IPPC da Codex a matsayin ma'auni. Yarjejeniyar ba ta hana kowace ƙasa kare al'ummarta ba. Abin da ta nema shi ne matakin ya dogara da hujjar kimiyya da auna haɗari, kada ya tsananta fiye da buƙata, kuma kada a fake da lafiya a toshe wa kayan wata ƙasa hanya don kare 'yan kasuwar gida. Idan hujja ba ta wadatu ba, ƙasa na iya ɗaukar matakin wucin gadi, da sharaɗin ta ci gaba da neman bayani. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki, wadda aka cim ma a Bali a Disambar 2013, ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017.

Inda kaya ke maƙalewa

A ɗauki kwantena mai sanyi ɗauke da 'ya'yan itace. Ta iso tasha, amma takardar shaidar lafiyar tsirrai da ƙasar asali ta bayar tana can a hanya, ko ta iso da kuskuren lamba ɗaya. Kwastam sun gama nasu aikin, jami'in killace tsirrai bai zo ba. Da ya zo ya buɗe ya ɗebi samfur, gobe hukumar abinci ta sake buɗewa ta ɗebi nata, kowace buɗewa kuma sanyi na fita. Kuɗin ajiya na hawa, kayan na nuna suna wuce gona da iri. A duk wannan jira babu ƙwaro ɗaya da aka ƙara kamawa.

Jinkiri irin wannan shi kansa illa ne ga lafiya. Nama ko kifi da ya kwana a rana yana jiran sa hannu ya fi wanda ya wuce da wuri haɗari. Sannan idan bin hanyar hukuma ya yi tsada, ƙananan 'yan kasuwa sukan bi ta bayan fage, kuma dabbar da aka tsallako da ita ta daji babu likitan da ya gan ta. Shi ya sa yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta keɓe wa kaya masu saurin lalacewa sashe, ta ce a ba su fifiko wajen bincike, a kuma ba da damar adana su yadda ya dace kafin a sake su.

Hanyoyin gyara

Mafi girmansu shi ne bincike gwargwadon haɗari. Babu ƙasar da ke da jami'an da za su duba kowane buhu, kuma wadda ta dage sai ta duba komai takan ƙare da duba sama-sama. Gara a kalli nau'in kayan da inda suka fito da tarihin mai shigo da su: gwangwanin abinci da aka dafa aka rufe ba ɗaya yake da dabba mai rai ko dashen itace ba. Haka kuma idan murar tsuntsaye ta ɓulla a lardi guda na babbar ƙasa, yarjejeniyar SPS ta amince a taƙaita haramci ga wannan yankin, muddin ƙasar ta nuna sauran sassanta tsaf suke. Wannan yana ƙarfafa gwiwar bayyana cuta da wuri, domin ƙasar da ta san za a rufe mata kasuwa baki ɗaya tana iya jan ƙafa wajen faɗin gaskiya.

Akwai kuma shigar da takardu kafin kaya su iso, da ƙofa guda ta intanet da ɗan kasuwa zai miƙa bayanansa sau ɗaya duk hukumomi su gani, da binciken haɗin gwiwa a lokaci guda. Tsarin ePhyto na IPPC yana aika takardar shaida kai tsaye daga hukuma zuwa hukuma, abin da ke rage jabu da ɓatan takarda.

Misali mafi kyau na yadda ƙa'ida ɗaya ke biyan buƙatu biyu shi ne na katakon da ake ɗora kaya a kai. Ƙwari masu cin itace sun sha tsallaka teku a cikinsa. Ƙa'idar IPPC mai suna ISPM 15 ta 2002 ta ce a gasa katakon har zafin cikinsa ya kai digiri 56 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, ko a turara shi da magani, sannan a buga masa hatimi mai ɗauke da alamar ƙasa da lambar wanda ya yi aikin. Jami'i a kowace tasha ya duba hatimin, ba sai ya nemi wata takarda ba.

Abin da ya rage

Duk waɗannan na buƙatar ɗakunan gwaji da aka yarda da sakamakonsu da jami'ai masu horo, kuma a nan ne ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke baya. Asusun STDF, wanda FAO da WHO da WOAH da Bankin Duniya da WTO suka kafa, yana tallafa musu a wannan fanni. Wata matsalar ita ce sharuɗɗan da manyan kantunan ƙasashe masu arziki ke gindayawa da kansu, waɗanda sukan fi na gwamnati tsauri. Ƙasar Saint Vincent da Grenadines ta kai kuka kan haka gaban kwamitin SPS na WTO a 2005 dangane da ayabar da take fitarwa, kuma ƙasashe sun daɗe suna saɓani kan ko yarjejeniyar SPS ta shafi irin waɗannan sharuɗɗa.