Zagwanyewar naman murjani a tankin gilashi

Zagwanyewar naman murjani a hankali, wadda masu kiwo suke kira STN a taƙaice, matsala ce da take kama murjani mai ƙashi da ake kiwo a tankin gilashi na ruwan gishiri. Shi murjani dabba ne duk da dai in ka gan shi sai ka rantse dutse ne ko reshen itace, namansa siriri ne ya lulluɓe ƙashin da yake ginawa, to wannan naman ne yake janyewa kaɗan-kaɗan ya bar farin ƙashi a fili. Yawanci daga gindi take farawa, inda haske da motsin ruwa ba sa kaiwa sosai, ta riƙa hawa sama na makonni ko watanni. Akwai mai saurin, RTN, ita kam kwana ɗaya ko biyu ta gama da shi. Abin ya fi shafar nau'o'in murjani irin su Acropora, Montipora, Pocillopora da Seriatopora.

Ba ɗaya take da koɗewar launi ba. Murjanin da ya koɗe namansa yana nan, ƙwayoyin gansakukar da ke zaune cikinsa suna ba shi abinci ne suka fita, kuma yana iya farfaɗowa. A STN babu naman gaba ɗaya, za ka ga layi tsakanin mai rai da matacce, bayan 'yan kwanaki kuma gansakuka kore ko ruwan ƙasa ta hau wajen da ya mutu.

Tarihi

A teku aka fara lura da irin wannan. Wajen 1977 masanin halittun teku Arnfried Antonius ya bayyana yadda murjanin da ya wahala yake saɓule namansa farat ɗaya, sannan a 1982 William Gladfelter ya yi rubutu kan cutar farin zobe da ya gani jikin Acropora palmata a tsibirin St. Croix, cutar da ta yi wa Acropora na yankin Karibiyan mummunar ɓarna. A lokacin masu tankin gida ba su da wannan damuwar tunda mutane da yawa sun ɗauka ma ba zai yiwu a raya Acropora cikin gilashi ba, sai wajen farkon shekarun 1980 da Dietrich Stüber ya yi nasara a Balin ta Jamus, rassan murjaninsa suka bazu hannun masu kiwo har Amurka. Da kiwon ya yawaita a shekarun 1990 sai matsalar ta biyo baya, a nan ne sunan RTN ya shiga bakin mutane, Craig Bingman kuma ya gwada maganin chloramphenicol a kai. Ana jin sunan STN daga baya ya zo, don a bambanta.

A 2014 Michael Sweet da abokan aikinsa sun gwada magungunan ƙwayoyin cuta kan Acropora cervicornis mai farin zobe, ampicillin da paromomycin suka tsayar da cutar, metronidazole kuwa bai tsayar ba. A shekarar ce kuma wata sabuwar cutar zubar nama ta ɓulla kusa da Miami a Fulorida, wadda ake yi wa shafen amoxicillin.

Musabbabi

Ba a daidaita ba. Wasu sun ɗora laifin kan bakteriya irin Vibrio, wasu sun ce wahala ce ke fara raunana murjanin sannan ƙwayoyin su samu ƙofa.

Magani

Abu na farko gwajin ruwa, musamman alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami, don hawa da saukarsa ba zato shi aka fi zargi. Yawancin masu kiwo suna riƙe shi tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyam wajen 380 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan), zafi digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Celsius, gishiri kashi 35 cikin 1000. Lambar ba ta kai tsayuwarta wuri ɗaya muhimmanci ba, kuma gyara da gaggawa kan ƙara dagula abin. Naitret da fosfet in suka ƙare ƙaf ma yunwa ce ga murjanin.

Sai a ciro shi a duba gindi da gilashin ƙara girma ko akwai ƙwari, kamar tsutsar nan mai faɗi da ke cin Acropora wadda take barin tabo zagaye-zagaye da ƙwai launin ruwan ƙasa a manne. Ana tsoma shi na 'yan mintuna a ruwan tanki da aka ɗiga wa aidin ko wani maganin tsomawa, amma wannan ba ya kashe ƙwai, sai an kankare an kuma maimaita.

Abin da ya fi ceton murjani dai yanka ne. Ana sa almakashin ƙashi a datse rassan masu lafiya can sama da layin, kamar santimita ɗaya ko fiye cikin nama mai kyau, a manna su kan sabon dutse da sufa gulu, a jefar da gindin. In kaɗan ne, wasu masu kiwo gulun kawai suke shafawa kan layin, wani lokaci ya tsaya wani lokaci ya bi ta ƙasa ya ci gaba. Ana haɗawa da canjin ruwa da gawayin tacewa.

Maganin ƙwayoyin cuta a wani mazubi daban ake yinsa, don a babban tanki yana iya kashe bakteriyar da ke tace ruwan.