Dokar ta-ɓaci ba hutun kotu ba ce

Da wuya a wuni yanzu ba a ji "dokar ta-ɓaci" a rediyo ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jin mai sharhi ya ce tunda an ayyana ta, an jingine kundin tsarin mulki, kotu ba ta da ta cewa. Ina aka samo wannan?

A dubi sunan. "Ta ɓaci" muke cewa idan al'amari ya fi ƙarfin tsarin yau da kullum, kamar yaƙi ko annoba. Amma kalmar da ke gaba ita ce "doka". Kundin ne da kansa yake ba shugaba aron ƙarin iko, ya faɗi dalili da wa'adi, galibi har da sharaɗin amincewar majalisa. Wanda ya karɓi aro kuwa dole a tambaye shi yadda ya yi da shi, kuma aikin alƙali ke nan. Jingine kundi aikin masu juyin mulki ne. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, a sashe na 4, ta hana taɓa wasu haƙƙoƙi komai tsanani, ciki har da haramcin azabtarwa da bautarwa.

Indiya ta ɗanɗana kuɗar wannan ruɗani. A watan Yunin 1975 gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar, aka tsare dubban mutane ba shari'a. Manyan kotunan jihohi da dama suka ce wanda aka tsare yana da damar kai ƙara. A 1976 magana ta je Kotun Ƙoli, alƙalai huɗu cikin biyar suka rufe wannan ƙofa. Mai shari'a H. R. Khanna kaɗai ya ƙi, yana ganin rai da 'yancin mutum sun girmi kowane sashe na kundi. Ya biya farashi: a 1977 aka tsallake shi wajen naɗa alƙalin alƙalai, ya ajiye aiki. A ganina ranar hukuncin nan ta fi ranar ayyana dokar muni, domin a ranar ne wanda aka kama ya rasa inda zai kai kukansa.

A 1978 aka gyara kundin ƙasar, aka hana dakatar da kariyar rai da 'yancin mutum ko a lokacin ta-ɓaci. A 2017 Kotun Ƙolin ta yi watsi da hukuncin 1976. Cikin alƙalan da suka rubuta hakan har da D. Y. Chandrachud, ɗan ɗaya daga cikin alƙalan nan huɗu.