Wai me ake nufi da "tsuke bakin aljihu"?

Duk sanda gwamnati ta ce za a tsuke bakin aljihu sai ka ji wasu na cewa ai daidai ne, ko magidanci in albashi ya ƙi kai shi ƙarshen wata dole ya rage cefane. A bakin masana tattalin arziki ma'anar ita ce gwamnati ta rage kashe kuɗi, ko ta ƙara haraji, ko ta haɗa biyun, don ta cike giɓin kasafi ta rage bashi. Rage ma'aikata, hana ƙarin albashi, tsayar da kwangiloli, janye tallafi, duk a ciki suke. Manyanmu sun ɗanɗana a 1982 zamanin Shagari, da farashin mai ya faɗi aka taƙaita shigo da kaya.

To wai gwamnati kamar magidanci ce? Nan malaman jami'a suka rabu. Almajiran Keynes, wani shahararren Bature masanin tattalin arziki na Ingila, sun ce ina! Kai kaɗai in ka rage cefane kasuwa ba ta ma san ka yi ba, amma a ce an riƙe albashin malaman makaranta na jiha guda wata uku, mai shago ba ciniki sai ya sallami yaronsa, tela ya wuni yana hamma a kan keke, mai adaidaita ya yi ta zaga gari fanko, ƙarshe harajin da gwamnatin ke jira shi ma ya ragu, giɓin da ake son cikewa yana nan. Kuɗin da wani ya kashe shi ne tuwon wani. Shi ya sa Keynes ya ce lokacin yalwa ake tsukewa ba lokacin ƙunci ba. Ɗaya ɓangaren, irin su marigayi Alberto Alesina na Harvard, sun ce in kashe kuɗi aka rage maimakon ƙara haraji, hankalin masu zuba jari zai kwanta, kuɗin ruwa ya sauka, harkoki ma su iya buɗewa.

Labarin da ya fi ba ni mamaki a rigimar nan shi ne na 2010. Farfesoshi biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da suke samarwa a shekara, bunƙasarsu tana komawa ƙasa da sifiri. 'Yan siyasar Turai da Amurka masu son a tsuke suka rungumi wannan 90 ɗin kamar karatun sallah. Sai wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts ta Amherst, Thomas Herndon, aka ba su aikin aji, kowa ya ɗauki wani sanannen bincike ya sake lissafin da kansa. Shi ya ɗauki na farfesoshin nan biyu, ya buga ya buga lamba ta ƙi fita. Daga baya ya roƙi marubutan suka turo masa fayil ɗinsu na Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, yana dubawa ya ga wajen jawo layin lissafi an bar ƙasashe 5 cikin 20 a waje, Ostireliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak. Ba wannan ne ma babbar matsalar ba fa, akwai shekarun da aka tsallake da yadda aka auna nauyin kowace ƙasa. Da shi da malamansa biyu suka gyara a 2013, maimakon tattalin arzikin ƙasashen masu bashi ya ragu da kashi 0.1 cikin 100 a shekara, sai ga shi yana ƙaruwa da kashi 2.2. Farfesoshin sun amsa kuskuren Excel ɗin, amma sun tsaya a kan cewa bashi mai yawa yana tafiya da jinkirin bunƙasa, kuma har gobe ana gardama, bashin ne ke jawo tafiyar hawainiya ko tafiyar hawainiyar ce ke tara bashin.

A 2013 ɗin dai Olivier Blanchard, babban masanin tattalin arzikin Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) a lokacin, ya yarda sun raina illar tsukewar da aka yi a Turai. Girka ta rasa kusan rubu'in tattalin arzikinta, marasa aikin yi suka kai kashi 27 cikin 100.

Ni dai na fi karkata ga Keynes, sai dai masu jawo shi a nan gida rabin maganarsa kawai suke so, wato a kashe lokacin ƙunci, ɗaya rabin na a tara lokacin yalwa ba a so a ji. Asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004 ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008. Zuwa 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba.