Mata Masu Ɗinki a Masana'antun Tufafi na Bangladesh

Mata masu ɗinki a masana'antun tufafi na cikin manyan rukunan masu aikin albashi a Bangladesh. Masana'antun, waɗanda akasarinsu ke Dhaka da Gazipur da Narayanganj da Chattogram, na ɗauke da ma'aikata wajen miliyan 4, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take kaiwa waje daga gare su yake fitowa. Fiye da rabin ma'aikatan mata ne.

Asali

Harkar ta kafu ne a 1979, lokacin da kamfanin Desh Garments ya tura mutum 130 Koriya ta Kudu koyon aiki a wajen kamfanin Daewoo. Kafin nan ba kasafai mace ke fita aikin kuɗi a birni ba, saboda kulle da kuma rashin aikin ma kansa. Talauci da ambaliya da zaizayar koguna suka riƙa koro 'yan mata daga ƙauyuka, masu masana'antu kuwa suka fi son ɗaukarsu don suna karɓar albashi kaɗan, kuma ana ganin ba za su tada jijiyar wuya ba.

Albashin ya canza rayuwar da yawa daga cikinsu. Yarinyar da a da za a aurar da wuri ta koma mai aika kuɗi gida, mai biya wa ƙanne makaranta, mai baki a zancen aurenta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Halin da ake aiki

A cikin ɗakin ɗinki, mata ne a kan kekuna, maza ne ke tsaye a kansu. Muƙaman sa ido da na manaja kusan duk na maza ne, ko da macen ta shekara goma tana harba keke. Ana yanka wa kowane layi adadin da zai ɗinka a awa, kuma idan oda ta matso aiki kan kai dare. Ƙorafin da ma'aikata suka fi yi shi ne zagi da tsawa, da hana su zuwa bayi, da neman lalata daga na sama. A 2009 Babbar Kotun ƙasar ta umarci wuraren aiki su kafa kwamitin karɓar ƙorafin cin zarafin mata, amma wadda cinta da shanta ke hannun wanda za ta kai ƙara ba ta cika buɗe baki ba. Dokar ƙwadago ta 2006 ta tanadi hutun haihuwa na mako 16 da albashi, da ɗakin reno a duk wurin da mata 40 ko fiye ke aiki. Duk da haka ana samun masu ciki da ake matsa wa har su ajiye aiki da kansu.

Rana Plaza da bayanta

A Nuwamba 2012 gobara ta kashe aƙalla mutum 112 a masana'antar Tazreen. Ranar 24 ga Afrilu 2013 kuma benen Rana Plaza mai hawa takwas, wanda ke ɗauke da masana'antun tufafi, ya rufta a garin Savar kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka ji rauni, mafi yawansu mata. Abin takaici, tun jajibirin ranar aka ga ginin ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasan benen suka rufe, masu ɗinki kuwa aka ce su koma bakin aiki ko su rasa albashi.

Bayan haka manyan kamfanonin sayar da tufafi, galibi na Turai, suka sa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago kan yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine da kariya daga gobara, kuma an gyara masana'antu masu yawa. Shugabannin ƙwadago irin su Kalpona Akter, wadda ta fara aiki a masana'anta tana shekara 12, sun ci gaba da fafutukar albashi. Mafi ƙarancinsa a wata ya tashi zuwa taka (kuɗin Bangladesh) 5,300 a 2013, sannan 8,000 a 2018. A 2023 ma'aikata suka fito zanga-zanga suna neman 23,000, an rasa rayuka, gwamnati ta tsaya a 12,500.

Kason mata a masana'antun yana raguwa a 'yan shekarun nan. Daga cikin dalilan akwai shigowar injuna na zamani, waɗanda maza aka fi koya wa sarrafa su, da kuma rashin inda uwa za ta bar ɗanta.