Tusar jaki: a cire a gida ko a bari?

Wata maƙwabciyata a Kubwa ta nuna mini yatsan ɗanta. An sa reza an yanke masa tusar jaki guda ɗaya, ba a yi wata biyu ba sai ga huɗu sun fito a gefen tabon. Ga abin da ta tambaye ni.

Me ke kawo ta?

Jaki dai ba ruwansa. Ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, mai iri fiye da 100. Tana shiga ta ɗan rauni ko tsagewar fata, sai fatar wurin ta yi kauri ta yi tudu. Ana ɗaukarta ta taɓa fatar mai ita, ko ta tawul da reza.

In an ƙyale ta, tana tafiya?

Sau da yawa, musamman ga yara. Kusan biyu cikin uku na bacewa da kansu cikin shekara 2, garkuwar jiki ce ke gamawa da su. In ba ta ciwo, ba ta yaɗuwa, haƙuri ma magani ne.

To mene ne laifin yankewa?

Nan ne abin ya fi damuna. Baƙaƙen ɗigon da ake gani a cikinta, waɗanda ake cewa saiwa ce sai an tono ta, ƙananan jijiyoyin jini ne. Shi ya sa jini ke zuba sosai in an yanka. Ƙwayar kuma tana cikin fatar da ke kewaye, reza na ɗibar ta ta shuka a sabon wuri, abin da ya sami yaron nan ke nan. Ga ruɓewar rauni, ga tabo mai tudu da ke ta ƙara girma, wanda ya fi kama baƙar fata. In kuwa mai yankan farce na yawo aka bai wa aikin, da almakashin da ya taɓa mutane da dama tun safe, an buɗe wa ciwon hanta ƙofa. Ruwan batir, soda, garwashi, ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a kwana da ita, duk ƙuna suke yi. Don Allah a bari.

Babu abin da za a iya yi a gida ke nan?

Akwai, in a hannu take ko tafin ƙafa. A kemis ana samun maganin shafawa mai sinadarin salisilik asid. A duba lambar NAFDAC a jikinsa. A jiƙa wurin a ruwan ɗumi kamar minti 5, a goge mataccen saman a hankali da dutsen kaushi, a shafa Vaseline a lafiyayyar fatar gefe, sannan a ɗiga maganin a kanta kaɗai. Kullum, har zuwa mako 12. Dutsen nan kada kowa ya yi amfani da shi. In wurin ya yi ja yana zugi, a dakata.

Wa bai kamata ya gwada ba?

Mai ciwon suga, domin ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, rauni kuma ba ya saurin warke masa. Haka mai raunin garkuwar jiki. Kada a sa maganin a fuska ko al'aura. Mai ciki ta fara tambayar likita. Zabiya kuwa, wato mai farar fata tun haihuwa, duk tsiron da ya fito masa ya kai wa likita, don cutar dajin fata kan yi kama da tusar jaki. Kowa ma, in abin yana jini da kansa ko yana sauya launi, ya nemi likitan fata, kamar a Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Can ana daskarar da ita da ruwan naitirojin ko a ƙone ta da na'ura.

Ta al'aura fa?

Wannan ta saduwa ake ɗauka, kuma asibiti ne maganinta, kunya ba ta warkar da ita. Ƙwayar HPV iri na 6 da 11 ne suka fi kawo ta, 16 da 18 kuma su ne kan gaba wajen cutar dajin bakin mahaifa. Rigakafin da aka fara yi kyauta a Najeriya a Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, yana kariya daga huɗun. Maƙwabciyata na da 'ya mai shekara 10. Na ce mata, Maman yara, ranar da za ki kai ɗan'uwanta a duba yatsan, ki tafi da ita.