Bututun Hayaƙi da Magudanar Ruwa a Hitar Gas Mai Tatsar Tururi

Hitar gas mai tatsar tururi na'urar dumama ruwa ce da aka ƙera ta yadda ba za ta bar hayaƙinta ya fice da zafinsa ba. Tana sanyaya shi har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, sannan ta kwashe zafin da tururin ya saki ta ƙara wa ruwan da ake dumamawa. Da wannan dabara take cin moriyar kashi 90 zuwa 98 cikin ɗari na zafin gas ɗin da ta ƙona, alhali hitar da ba ta tatsa takan tsaya wajen kashi 80 ko ƙasa da haka. Sai dai ribar ta zo da wahalarta guda biyu: hayaƙi mai sanyi wanda ba ya iya hawa sama da kansa, da kuma ruwa mai tsami da ke ɗiga muddin wuta na ci. Bututun da ke fitar da hayaƙin da wanda ke zubar da ruwan su ne abin da wannan maƙala ta duba, kuma a aikace ba a raba su, domin kuskure a ɗaya yakan bayyana a ɗayan.

Inda ruwan yake fitowa

Duk wanda ya taɓa ɗora tukunyar ruwan sanyi a kan murhun gas ya ga gefenta ya yi gumi na ɗan lokaci kafin ta ɗauki zafi. Wannan gumi daga harshen wutar yake. Mafi yawan gas ɗin da ake turawa gidaje ta bututu sinadarin misen ne, kuma idan ya ƙone yakan ba da iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa, ta yadda kilo ɗaya na misen ke haifar da kilo 2.25 na ruwa. Tururin yana riƙe da zafi mai yawa, kimanin kashi 11 cikin ɗari a kan abin da tsofaffin na'urori ke ƙirgawa, kuma ba ya sakin sa sai hayaƙin ya sauko ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyos. Shi ya sa ake bi da hayaƙin ta kan bututan da ruwan sanyi ke shigowa ta cikinsu, waɗanda akasari ake yi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Gwargwadon sanyin ruwan da ke shigowa, gwargwadon yawan abin da ake tatsa.

Yawan ruwan ba abin raini ba ne. Babbar hitar gida marar tanki, wato mai dumama ruwa yayin da yake wucewa ta cikinta, irin wadda ake sayarwa a Amurka, mai ƙarfin kilowat 58, hayaƙinta na ɗauke da ruwan da ya haura lita 8 a duk awa idan tana aiki da iyakar ƙarfinta, ko da yake ba dukansa ake tatsewa ba. Gas ɗin tukunya, wato furofen da buten, ruwansa bai kai haka ba, amma shi ma sai an nema masa hanya.

Ƙasar Holan ce ta fara yaɗa irin wannan fasaha a gidaje a farkon shekarun 1980. A Ingila da Wales doka ta wajabta tun watan Afrilun 2005 cewa sababbin tukwanen dumama gida masu aiki da gas su zama masu tatsar tururi, sai a wasu 'yan yanayi na musamman. A ɓangaren hitar wanka marar tanki kuwa, kamfanonin Japan irin su Rinnai da Noritz, da Navien na Koriya ta Kudu, suna cikin waɗanda suka cika kasuwa da ita.

Fitar da hayaƙi

Tsohuwar hita tana sakin hayaƙi mai zafin digiri 150 zuwa sama, wanda ya fi iskar waje rashin nauyi, don haka yake hawa dogon bututu ba tare da an tura shi ba. Hayaƙin mai tatsar tururi kuwa yakan fito a tsakanin digiri 40 da 60, ba shi da wannan kuzari, sai an sa fanka ta ingiza shi. Wannan ya juya al'amarin baki ɗaya. A tsohon bututu, idan akwai ɗan tsagu, iskar ɗaki ce ke kutsawa ciki. A sabon kuwa matsin da ke cikin bututun ya fi na ɗakin, saboda haka kowace kafa hayaƙi take furzarwa cikin gida, tare da duk abin da ke cikinsa na iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari, kuma tana kisa. Dokokin gas na Amurka da Kanada sun kasa na'urori gida huɗu bisa matsin bututu da kuma ko ruwa na taruwa a cikinsa, kuma wannan hita tana rukuni na huɗu, wanda ake buƙatar bututunsa ya kasance a toshe ruf ta kowace mahaɗa kuma ya jure ruwa mai tsami. Don haka ba a haɗa ta da tsohon bututun bulo, ba a kuma haɗa ta bututu ɗaya da na'urar da hayaƙinta ke hawa da kansa.

Kayan da ake amfani da su huɗu ne: robar PVC, da CPVC, da folifurofilin, da wani nau'in ƙarfe marar tsatsa da ake kira AL29-4C. Bambancinsu yana wajen jure zafi. Ƙa'idar Kanada mai lamba ULC S636, wadda aka wajabta a 2007, ta sanya iyakar PVC a digiri 65, CPVC a 90, folifurofilin kuma a 110. A Turai folifurofilin aka fi amfani da shi, mai zoben roba a kowace mahaɗa a maimakon gam.

A kan PVC ne ake da doguwar muhawara, musamman a Amurka, inda yawancin masu ƙera hita suka yarda a yi amfani da bututun famfo na yau da kullum saboda araha da sauƙin samu. Masu adawa suna nuni da cewa ƙa'idar da ake ƙera wannan bututu a kanta, ASTM D1785, ta faɗa da bakinta cewa ba ta ƙunshi sharuɗɗan ɗaukar hayaƙi ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce hita ba ta zama sabuwa har abada: idan ruwan unguwa mai gishirin ƙasa ne, farin dattin da ke taruwa a tukunyar shayi yakan lulluɓe cikin bututan, zafi ya kasa ratsawa zuwa ruwa, sai ya bi hayaƙi, bututun da aka auna don digiri 50 ya wayi gari yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Alamar da ake gani ita ce farar robar ta koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa kusa da bakin hitar, ta yi laushi, ta lanƙwashe tsakanin maratayanta. Fargabar tana da tushe, domin a 1998 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye wasu bututan hayaƙi na roba kimanin 250,000, na wani nau'i dabam, saboda suna tsagewa ko su rabu a mahaɗa. Masu ƙera hita sun amsa da sanya ma'aunin da ke rage wuta ko ya kashe ta idan hayaƙi ya wuce iyaka. Wannan kariya ce ta gaske, amma dogaro da ma'auni ɗaya tilo bai kai amfani da bututun da aka gwada don wannan aiki ba, irin wanda ke ɗauke da shaidar UL 1738. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, PVC mai kumfa a tsakiyar jikinsa haramun ne a wannan aiki.

Hayaƙin yana ci gaba da yin raɓa a cikin bututun, shi ya sa duk inda bututu ya kwanta ake ba shi gangara zuwa wajen hitar, kwatan inci a kowace ƙafa, wato kimanin santimita 2 a kowace mita. Idan marataya suka yi nisa da juna bututun ya yi ciki a tsakiya, ruwa ya kwanta a wurin, sai a riƙa jin ƙarar ɓulɓul idan fanka ta tashi, daga baya kuma hitar ta riƙa mutuwa da kanta saboda hanya ta ƙuntata. Tsawo ma yana da iyaka, gwargwadon ƙarfin fankar, kuma kowace gwiwa ana lissafa ta tamkar ƙarin wasu ƙafafu na miƙaƙƙen bututu. Littafin da ya zo da hitar shi ne alƙali a kan wannan lissafi.

Yawancin waɗannan hitoci daga waje suke shaƙo iskar ƙonawa, ko ta bututu na biyu, ko ta bututu biyu cikin ɗaya, hayaƙi a tsakiya, iska a kewaye. Amfanin haka ya wuce kare numfashin mutanen gida, domin iskar ɗakin wanki ko shagon gyaran gashi tana ɗauke da burbushin kulorin, wanda idan ya bi ta wuta yakan zama asid mai cin ƙarfe. A bakin fita, dokar gas ta Amurka ta nemi tazarar aƙalla inci 12 daga taga ko ƙofa ga manyan hitoci masu shaƙar iska daga waje, da wani inci 12 sama da doron ƙasa ko sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa. Dole kuma a raba bakin hayaƙi da bakin iska yadda hitar ba za ta sake shaƙar abin da ta fitar ba. A lokacin sanyi bakin yakan fitar da farin gajimare, wanda ba shi da haɗari a fili, amma idan ya dinga bugun bango yakan ɓata fenti ya jiƙa bulo, ya kuma haddasa rigima da maƙwabci.

Magudanar ruwan tsami

Ruwan da aka tatsa ba irin wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Ya narkar da kabon dayoksaid da ɗan sinadaran naitirojin da na farar wuta, don haka tsaminsa a ma'aunin pH yakan faɗa tsakanin 3 da 5, kusa da ruwan tumatir ko na lemu. Ba zai ƙona hannu ba, amma ɗigo ne na shekara da shekaru a wuri ɗaya. Yana huda jan ƙarfe da zubabben ƙarfe, yana rarake siminti har a ga rami a daɓe daidai inda yake sauka. Saboda haka da roba kawai ake yin magudanarsa.

Abu na farko a hanyarsa shi ne tarko, wata 'yar ma'ajiya a ƙasan hitar da ke riƙe ruwa a kullum, irin lanƙwasar da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu mai hana warin kwata dawowa. A nan ba wari take tarewa ba, hayaƙi ne, tunda magudanar a buɗe take zuwa inda wuta ke ci, fanka kuma na neman kowace hanya. Ƙwararren mai haɗa hita yakan cika tarkon da ruwa da hannunsa kafin ya kunna ta karon farko, haka kuma idan gida ya daɗe a rufe har ruwan ya ƙafe. Wasu tarkunan suna da ƙwallon roba da ke toshe ramin idan babu ruwa. Laka da burbushin ƙarfe sukan taru a gindinsa, shi ya sa wanke shi yake cikin aikin dubawa na shekara-shekara.

Daga tarko ruwan yakan bi ta cikin maganin tsami, wato wani gwangwanin roba da aka cika da tsakuwar dutsen farar ƙasa ko marmara, wani lokaci a gauraya da maganiziyam oksaid. Asid ɗin yana cin tsakuwar a hankali, tsaminsa na raguwa, har ruwan ya fito kusa da na famfo. Tsakuwar ƙarewa take yi, don haka ake duba ta duk shekara a ƙara. Dokoki sun bambanta a kan wajabcinsa. Garuruwa da yawa a Amurka suna neman sa, musamman inda bututan kwata na ƙarfe ne. A Birtaniya akasari ana zuba ruwan kai tsaye cikin bututun ƙazantar gida na roba, inda ruwan sabulu ke gauraya da shi. Hitocin da ake sayarwa a cikin Japan kuwa da gwangwanin a cikinsu suke zuwa. Inda magudanar gida ta fi hitar tudu, kamar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai a sa ƙaramin injin tura ruwa mai jure asid, wanda ake haɗa makunninsa da hitar domin ya kashe ta idan ya cika bai tura ba.

Babban abokin gabar wannan siririn bututu shi ne sanyi. Ɗigo kaɗan-kaɗan cikin bututun da ke waje yana daskarewa shimfiɗa bisa shimfiɗa har ya toshe, ruwa ya koma baya, hitar ta kashe kanta a daidai daren da aka fi bukatarta. Birtaniya ta ɗanɗana wannan a tsananin sanyin 2010, sannan a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin da gidaje masu ɗimbin yawa suka kwana ba ɗumi, masu aikin gas suna ta ba mutane shawara ta waya su zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a kan bututun da ke bayan gida. Jagorar da ake bi a can ta fifita a ƙare magudanar a cikin gida. Idan ba makawa sai ta fita, ana ƙara faɗinta daga milimita 22 zuwa aƙalla 32, a naɗe ta da abin tare sanyi wanda ruwa ba ya ratsawa, a ba ta gangarar kimanin milimita 45 a kowace mita, kada kuma tsawonta a waje ya wuce mita 3. Wasu hitocin suna tara ruwan ne su sake shi a lokaci guda, domin ruwa mai ɗan yawa da ɗumi ya fi ɗigo saurin wucewa kafin ya daskare. Gidan da babu kwata kusa da shi kuwa, akan haƙa masa ɗan ramin sokawe aƙalla rabin mita daga tushen gini, a cika kewayensa da tsakuwar farar ƙasa, ramukan fitar ruwan suna kallon nesa da bango.